Ciwon Ƙoda: Lokaci Ya Yi Da Za A Riƙa Gwada Ƙarfin Zuciya

Duk lokacin da aka ambaci ciwon ƙoda a Najeriya, hankali kan tafi ne ga injin wankin ƙoda da tsadarsa. Hakan ba laifi ba ne, kuma matakin da Gwamnatin Tarayya ta sanar a 2025 na rage kuɗin wanki ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta ya cancanci yabo. Sai dai likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa cutar zuciya da ta hanyoyin jini ce kan gaba wajen kashe masu daɗaɗɗen ciwon ƙoda, kuma da yawansu kan rasu tun kafin su kai matakin wanki.

Dalilin haka a fili yake. Idan ƙoda ta yi rauni, gishiri da ruwa kan taru a jiki, jini ya hau, zuciya ta riƙa turawa da ƙyar har bangonta na hagu ya yi kauri ya sandare. Ƙoda ce kuma ke samar da sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, don haka rauninta kan jawo ƙarancin jini, wanda ke ƙara wa zuciya wahala. Ga kuma rikicewar sinadaran kalsiyam da fosfet, da ke ƙeƙasar da jijiyoyin jini. Duk wannan ɓarna na iya tafiya shekaru a ɓoye.

A nan ne gwajin motsa jiki ke da amfani. Hoton zuciya da gwajin ECG da aka saba yi ana ɗaukar su ne mutum na kwance, kuma sau da yawa sakamakon kan nuna lafiya lau alhali zuciyar ba ta da sauran ƙarfin ɗaukar nauyi. A tsarin da likitan Amurka Robert Bruce ya fitar a 1963, majiyyaci kan hau na'urar tafiya, ana ƙara sauri da tudu duk bayan minti 3, ana lura da bugun zuciya da hawan jini. Wani nau'in gwajin kan auna yawan iskar oksijin da jiki ke iya amfani da ita a ƙololuwar aiki, kuma bincike ya nuna cewa wannan ma'auni kan faɗi ƙasa sosai a masu ciwon ƙoda, yana kuma hasko waɗanda ke cikin haɗari mafi girma. Inda babu na'ura, akwai gwajin tafiyar minti 6, wanda bai buƙatar komai sai baranda mai tsawon mita 30, agogo da ma'aikacin lafiya da ya san aikinsa.

Gwajin yana da iyakarsa. Masu wankin ƙoda da yawa kan gaji kafin bugun zuciyarsu ya kai inda ake so, abin da ke sa likitoci komawa ga allurar da ke hanzarta zuciya a madadin tafiya. Haka nan binciken ISCHEMIA-CKD da aka buga a 2020, wanda ya ƙunshi majiyyata 777, ya gano cewa gaggawar buɗe jijiyoyin zuciya bai rage mace-mace fiye da magani kaɗai ba. Darasin shi ne, amfanin gwajin ya fi karkata ga daidaita magani, tantance masu jiran dashen ƙoda, da sanin gwargwadon motsa jikin da majiyyaci zai iya yi ba tare da haɗari ba. Ƙa'idojin ƙungiyar KDIGO na 2024 sun shawarci masu ciwon ƙoda da matsakaicin motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, ko gwargwadon abin da zuciyarsu za ta jure. To, ta yaya za a san gwargwadon nan idan ba a auna ba?

Batun ya shafi ma'aikatan tarayya kai tsaye. Wanda ya baro Mararaba, Kubwa ko Suleja da asuba, ya yi sa'o'i cikin cunkoso, ya wuni bisa kujera, ba kasafai zuciyarsa ke fuskantar jarrabawa ba. Idan ya yi haki a matakalar Sakatariyar Tarayya, sai ya ce shekaru ne. Hawan jini da ciwon sukari, manyan masu lalata ƙoda, ba baƙi ba ne a ofisoshi, haka ma shan magungunan kashe zafi irin su diclofenac barkatai.

Wannan jarida na kira ga Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda dokar 2022 ta faɗaɗa ikonta, da ta tabbatar gwajin aikin ƙoda da na ƙarfin zuciya sun zamo cikin abin da ma'aikaci mai hawan jini ko ciwon sukari ke samu a kai a kai ba tare da jeka-ka-dawo wajen neman izini ba. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta wajabta wa duk cibiyar da ke karɓar tallafin wanki ta riƙa yin gwajin tafiyar minti 6 tana adana sakamakonsa, ta kuma haɗa likitocin ƙoda da na zuciya a asibiti guda. Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya kuwa na iya ware ranar duba lafiya a kowace shekara.

Mataimaka da masu ba da shawara da ke rubuta takardun da ministoci ke sa wa hannu su ma suna da rawar takawa, domin a teburinsu ake fara tsara kasafi. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kuɗin agogo da fentin baranda bai kai na wankin ƙoda ɗaya ba, kuma babu uzurin da zai hana a sa su cikin kasafin shekara mai zuwa.