Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Manyan Sakatarori Da Daraktoci Kan Yadda Muke Bita

Ranku ya daɗe,

Ni sana'ata nazarin harkokin aiki ce. Idan wata hukuma za ta sauya tsarinta ko ta sayi sabuwar manhaja, irinmu ake kira mu tara ma'aikata, mu ji yadda suke aiki, mu rubuta abin da ake bukata kafin a saki kuɗi. Ƙorafina a kan ɗakin taron ne.

Kun san yadda bita take kasancewa. A sa bita ƙarfe tara, babban baƙo ya iso sha ɗaya ta wuce. A gabatar da manya ɗaya bayan ɗaya, a yi jawabin maraba, a yi na fatan alheri, a fita ɗaukar hoto, sai ga kiran azahar. Wannan ma da sauƙi. Babbar asarar tana layin baya, inda magatakarda yake zaune riƙe da biro da jakar bita. Shi ya san teburin da fayil yake kwana biyu a kai, ya san fom ɗin da ake cikewa sau uku ba gaira ba dalili. Amma da zarar darakta ya fara faɗin ra'ayinsa, magana ta ƙare. Ba abin da za ka ji sai "haka ne, ranka ya daɗe". Ba tsoro ne kawai ba, tarbiyya ce, kuma ba na zarginsa. Sai dai a tashi da rahoto mai kyan bango wanda ya bayyana aikin yadda manya suke zaton ana yin sa.

Ku tuna da IPPIS, tsarin biyan albashi na bai ɗaya da gwamnatin tarayya ta soma a 2007 don toshe kafar ma'aikatan bogi. Manufa ce mai kyau. Da aka zo shigar da jami'o'i, ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta ce bai yi la'akari da malaman da ke hutun bincike ko masu koyarwar ziyara a wata jami'a ba, har ta fito da nata tsarin, UTAS. Takaddamar tana cikin dalilan yajin aikin ASUU na 2020, kuma a Disamban 2023 majalisar zartarwa ta amince a cire manyan makarantu daga ciki. Akwai siyasa a lamarin, ba shakka. Duk da haka, batun hutun bincike da koyarwar ziyara tambayoyi ne da akantan kowace jami'a zai iya amsawa tun ranar farko. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Roƙona kaɗan ne. Ku buɗe taro a taƙaice, ku faɗi abin da kuke so a yanke, sannan ku miƙa wa mai gudanarwa ragama. In za ku zauna, ku zama na ƙarshen magana. In da hali ma, ku ba mu awa biyu da ƙananan ma'aikata su kaɗai, mu raba musu takardu kowa ya rubuta matsalarsa ba suna. Wanda bakinsa ya yi nauyi a gaban oga, hannunsa ba ya nauyi.

Batun gabatar da bayani kuma, a kamfanin Amazon, tun 2004 Jeff Bezos ya hana amfani da PowerPoint a taron manyan jami'ansa. Bayani ake rubutowa, shafi shida, kowa ya karanta shiru kafin a fara tattaunawa. Mu shafi biyu ma ya ishe mu, muddin an karanta.

Batun gayyata kuma, a daina cika ɗaki saboda alawus ɗin zama. Mutum goma da aikin ya ratsa hannunsu sun fi sittin masu jiran takardar sa hannu. Kafin addu'ar rufewa, a karanta kowace shawara a bainar jama'a, a rubuta sunan wanda zai aiwatar da ranar da zai kawo bayani, a tura wa kowa kwafi washegari.



Naku,
Wani mai nazarin harkokin aiki