Data Ma Da Mudu Ake Sayenta

A kasuwar Dandume ko ta Bakori ba a taɓa ganin ɗan manomi ya miƙa kuɗin buhun masara don kawai dillali ya rantse masa cewa buhun cike yake ba. Sai ya sa an soki buhu ya ga ƙwaya, ya ɗaga ya ji nauyi, in kuma zuciyarsa ba ta kwanta ba a zazzage a auna da tiya a gaban idonsa. Haka aka tarar da iyaye suna yi tun zamanin da auduga ke tashe a Funtua da Malumfashi, lokacin da manomi kan tsaya a gaban sikeli ya ƙura wa allura ido har a gama awo. Abin mamaki shi ne, wannan saurayin da ba a iya tauye masa rabin tiya, idan ya zo sa intanet a gida sai ya ajiye wayonsa a ƙofar shago. Ya ga allon talla an rubuta "marar iyaka", ya zaro kuɗin da ya tara a kaka ya biya, bayan kwana goma sha biyar kuma ya dawo yana cewa an cuce shi.

Lallai akwai abin dubawa a nan, domin data ta daina zama kayan ƙawa a wannan yanki. Da ita mai sana'ar POS ke cin abinci, da ita ɗalibi ke neman gurbin karatu, da ita mai hatsi ke jin farashin Dawanau kafin ya ɗora kaya a mota. Ga shi kuma ta yi tsada. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100. Abin da ake biya da gumi irin wannan bai kamata a saye shi da ka ba.

Abu na farko da ya kamata 'yan uwa su sani shi ne, kalmar "marar iyaka" tana da iyaka. Galibin tsare-tsaren da ake sayarwa da wannan suna akwai wani sharaɗi a ƙarƙashinsu, an rubuta shi da Turanci da ƙananan baƙaƙe, wanda ke cewa idan mai saye ya cinye giga kaza a wata, ko a yini, za a rage masa gudu. Ba za a yanke layin ba, don haka kamfani bai saɓa lafazinsa ba, amma abin da ya rage ɗigo ne kawai. Alal misali, kayan da nauyinsu ya kai giga ɗaya, idan gudun layi megabit goma ne a daƙiƙa, cikin minti goma sha uku ko sha huɗu za su sauka. Idan aka mayar da gudun rabin megabit, kayan nan dai sai sun ci sama da awa huɗu. Wato mutum ya sayi rijiya, amma bayan 'yan kwanaki aka karɓe guga aka ba shi ludayi. Saboda haka tambayar da za a yi wa mai shago kafin a taɓa aljihu ita ce: giga nawa ake ci kafin a rage gudu, kuma idan an rage, nawa yake komawa? Mai shagon da ya kasa amsa wannan, to a bar masa kayansa.

Haka nan a lura da ranar ƙarewa. Data ba hatsi ba ce da za a zuba a rumbu a ɗebo da bazara. Tana da wa'adi, na yini ko na mako ko na wata, kuma abin da ya saura ba ya bin mutum sai ya sabunta a kan lokaci bisa sharaɗin kamfanin. Akwai wadda ba ta aiki sai da tsakar dare, akwai wadda ba ta buɗe komai sai WhatsApp da Facebook da makamantansu. Ta daren nan ita ta fi ruɗar samari saboda arha, sai ka ga saurayi ya raba dare yana sauke abin da ba zai amfane shi ba, asuba ta wuce shi, hantsi ya same shi a kan tabarma alhali 'yan uwansa sun yi nisa a gona. Arhar da ta ci barci da aikin safe ba arha ba ce. Hanya mafi sauƙi ta gane gaskiyar farashi ita ce a raba kuɗin da yawan gigar da za a iya amfani da ita da rana, a kan komai, da cikakken gudu. Abin da ya fito shi ne kuɗin mudu ɗaya, da shi ake gwada wannan kamfani da wancan.

Abu na biyu, kafin a zargi mai awo sai a san bakin da ke ci a gida. Bidiyo shi ne gara mai cinye rumbu. Awa guda ta bidiyo mai matsakaicin hoto na iya cin kusan giga ɗaya, mai tsananin kyawun hoto kuwa har giga uku. Amma awa guda ta murya zalla, irin karatun da ake turawa a saurara, ba ta cika wuce mega talatin ba, wato giga ɗaya za ta ɗauki sama da awa talatin. To, a ɗauka gida ne mai waya biyar, kowace tana kallon awa ɗaya a yini a kan giga ɗaya. Giga biyar ke nan kullum, giga 150 a wata. Wanda ya sayo giga 50 ya sa a irin wannan gida, ranar goma ga wata zai ji shiru, kuma babu wanda ya sace masa ko mega ɗaya. Ƙari a kan haka, wayoyin zamani suna ci ko ba a taɓa su ba: suna sabunta manhajojinsu, suna kwashe hotuna suna ajiyewa a intanet, bidiyo yana kunna kansa. Duk waɗannan ana iya kashe su a cikin saitin waya. Sannan ga lambar sirrin rauta, wadda idan aka ba ƙane ɗaya, kafin la'asar duk majalisar ƙofar gida ta haddace ta. Tun daga 2023 lambobin bincike iri ɗaya ne a dukkan layuka: *323# na nuna abin da ya rage na data, *312# na nuna tsare-tsaren da ake sayarwa. Wanda ya riƙa duba ma'auninsa kowace safiya na tsawon mako guda zai san cin gidansa, daga nan ya san buhun da ya dace da shi.

Abu na uku shi ne zaɓen kamfani, kuma a nan ne gardama ta fi yawa a majalisu. Wannan ya ce MTN, wancan ya ce Airtel, wani ya ce Glo ya fi arha, kamar masu musun ƙwallo. Gaskiyar magana ita ce wannan tambaya ba ta da amsa ɗaya ga yankin gaba ɗaya. Ƙarfen sabis ɗin da ke kusa da gidan mutum shi ne alƙali. Layin da ke gudu a tsakiyar Funtua ko a bakin hanyar Funtua zuwa Yashe yana iya zama gurgu a Maska ko Tsiga ko Dayi ko Mahuta, har ma a unguwa ɗaya ɗakin gaba ya samu, ɗakin ƙurya ya rasa saboda kaurin bango. Kuma ƙarfen nan rabawa yake yi tsakanin duk waɗanda suka hau kansa a lokaci guda, shi ya sa gudun da aka gani da hantsi ba shi ake gani bayan isha'i ba, na ranar kasuwa kuma daban. Don haka mai hankali ba ya fara sayen rauta. Sai ya sa 'yar data kaɗan a layuka biyu ko uku, nasa da na aro, ya gwada su a cikin ɗakin da zai yi amfani da su, da safe da dare, ranar kasuwa da ranar da aka yi ruwa, har mako ya zagayo. Wanda ya ci wannan jarrabawa shi ne kamfaninsa, ko da abokansa sun yi masa dariya. In ma tsoron rasa lambarsa ne ya ɗaure shi, tun 2013 aka ba da damar mutum ya koma wani kamfani da lambarsa ta da.

A kuma yi hattara da rautar da aka kulle. Da yawa daga cikin waɗanda kamfanoni ke sayarwa da rahusa ba sa karɓar layin kowa sai nasu, ranar da sabis ɗinsu ya lalace a unguwa sai ta zama kwalliyar kan teburi. Haka batun 5G. Lokacin da MTN ya fara shi a 2022, a birane bakwai ya fara, Kano na ciki. Rautar 5G ba ta ƙirƙiro 5G, idan ƙarfen unguwa bai da shi za ta koma 4G ne kamar ta kowa, an yi asarar bambancin kuɗin ke nan. Akwai kuma Starlink mai aiki da tauraron ɗan'adam, wanda ya shigo Nijeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka. Shi ba ruwansa da ƙarfen sabis, don haka yana da amfani a inda layuka ba su kai ba. Sai dai a 2024 kuɗin kayansa kaɗai ya haura Naira dubu 400, ban da kuɗin wata, yana buƙatar wuta tsayayya, kuma ruwan sama mai ƙarfi na iya taɓa shi. Wannan kayan makaranta ne ko shago ko mutane da yawa da suka haɗa kuɗi, bai zama na saurayi ɗaya mai jiran kaka ba. Ko ƙaramar rauta ma sai an yi mata tanadin batir ko sola, domin ranakun da aka kwashe babu wuta a yawancin Arewa a watan Oktoban 2024 wa'adin data bai tsaya jiran kowa ba.

Abu na huɗu, mutumin wannan yanki ya fi kowa sanin cewa kuɗin manomi lokaci gare shi. A kaka aljihu na da nauyi, a watan Agusta kuwa taki da ƙwadago sun kwashe komai, rumbu ya yi ƙasa. Tsarin da za a zaɓa shi ne wanda za a iya biya a watan Agusta ba tare da an ci bashi ko an taɓa abincin gida ba. Kuma kada daɗin kuɗin kaka ya sa a biya na wata shida ko shekara a dunƙule. Ba a manta ba, a watan Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, Funtua da Bakori da Malumfashi na ciki, aka kwashe watanni mutane na tattaki zuwa inda za su samu sabis. A watan Maris na 2024 kuma manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da layuka suka rikice, ko da yake abin bai shafi kamfanoni daidai wa daida ba. Darasin biyun a fili yake: a biya wata-wata, a ajiye layi na biyu na wani kamfani daban ko da 'yar data kaɗan ce a ciki, littattafai da karatuttukan da ake buƙata kuma a sauke su a ajiye a waya tun ana da hali.

To, idan mutum ya auna cin gidansa, ya karanta sharaɗi, ya ga duk da haka abin da aka ba shi bai kai abin da ya biya ba fa? Nan kuma shiru ba nasa ba ne. Tauye mudu laifi ne ko a kasuwar hatsi ko a cikin waya, kuma ƙorafi a majalisa ba ya dawo da ko sisi. Ya ɗauki hoton ma'auninsa da saƙon da aka turo masa ranar da ya saya, ya kira kamfanin a lamba 300 ya karɓi lambar ƙorafinsa. Idan ba su share masa hawaye ba, ya kira NCC a 622, kyauta ne. Mutum ɗaya ana iya share shi, amma idan samari ashirin na unguwa ɗaya suka kai kuka iri ɗaya da hujja a hannu, magana ta canza.

Waɗanda Allah Ya hore wa karatun boko a cikin 'yan uwa akwai nauyi a kansu. Su riƙa karanta wa iyaye da maƙwabta waɗannan ƙananan baƙaƙe kafin a biya, su saita musu wayoyi, su faɗa musu gaskiya ko da mai shagon abokinsu ne. Waɗanda kuma suka haɗa kuɗi suka sayi rauta ɗaya su yi ƙa'ida tun ranar farko, a san wanda ke riƙe da lambar sirri da abin da kowa zai ci, kada abin da aka haɗu a kansa don maslaha ya zama sanadin gaba. Dukiya amana ce, lokaci ma haka, kuma duka biyun ake zubawa a cikin wannan 'yar na'ura. Allah Ya sa a gane, Ya ba da damina mai albarka.