Baƙon da ya zo da ɗakinsa a kan taya, me yake bar wa masu gari?

Duk wanda ya taɓa kasa kaya a bakin hanya ya san cewa yawan masu wucewa daban, yawan ciniki daban. Kamiyo ɗari na iya ratsa gari a yini guda, mai shago ya tashi da ƙura kawai a kan hajarsa. Wannan ita ce takaddamar da ake yi yanzu can a ƙuryar arewacin duniya, a ƙasar Norwe, inda dubban ƴan yawon buɗe ido ke kwarara kowace shekara cikin motocin kwana domin su hau duwatsu a ƙarƙashin ranar da ba ta faɗuwa. Ra'ayina shi ne mutanen yankin suna da gaskiya da suke neman a biya su, amma abin da ya kamata ya biya shi ne mota. Mai tafiya a ƙafa a bar shi ya wuce kyauta.

Da farko, mene ne ke kai mutane can? Duniya a karkace take da kimanin digiri 23 da rabi yayin da take kewaya rana. Mu nan da muke kusa da tsakiyarta, bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa biyu ba. Amma duk wanda ya ƙetare layin da ake kira da'irar Aktik, wato wajen digiri 66 da rabi arewa, zai tarar da lokacin da rana ke sauka har kusa da bakin teku, ta ɗan yi rarrafe, ta sake hawa ba tare da ta ɓuya ba. A birnin Tromso haka take yi wajen wata biyu, daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli. A Nordkapp, wani dutse mai tsayin mita 307 da ke kallon teku a ƙarshen hanyar mota, tana farawa tun tsakiyar Mayu. Har Musulmin da ke zaune a Tromso sukan koma bin lokutan Makka wajen salla da azumi a wannan tsakani, tun da babu magariba da za a gani da ido. Idan hunturu ya zo sai abin ya juya, rana ta yi makonni ba ta leƙo ba.

To wannan haske ne jarin yankin. Mutum na iya fara hawan dutse da ƙarfe goma na dare, ya isa ƙololuwa da ƙarfe ɗaya, ya sauko ba tare da tocila ba. Masu zuwa kuwa, akasarinsu daga Jamus da Holan da Faransa da maƙwabta Suwidin da Finlan, da yawa suna zuwa ne da motar kwana: mota mai gado, da murhun gas, da firiji, da tankin ruwa, da banɗaki. Daga Oslo zuwa Nordkapp tafiyar kusan kilomita 2,000 ce, kuma hanya ta yi sauƙi. A 1999 aka buɗe ramin da ya bi ta ƙarƙashin teku zuwa tsibirin da Nordkapp yake, a 2007 kuma aka haɗa tsibiran Lofoten da tudu ta hanyar kwalta, ba sai an shiga jirgin ruwa ba.

Abu na biyu da ke jan su wata doka ce da ta cancanci yabo. Tun 1957 Norwe ta rubuta tsohuwar al'adarta a matsayin doka: kowa, ɗan ƙasa ko baƙo, yana da ikon ya ratsa daji da dutse da bakin teku a ƙafa, ko da filin na wani ne, muddin ba gona ba ce ko farfajiyar gida. Yana iya kafa tanti ya kwana biyu a wuri guda ba tare da neman izini ba, in dai ya nisanci gidan da ake zaune da mita 150. Akwai sharuɗɗa: ba a hura wuta a daji daga 15 ga Afrilu zuwa 15 ga Satumba, kare kuma dole ya kasance a ɗaure daga farkon Afrilu zuwa 20 ga Agusta.

Duk tsarin a kan amana ya tsaya. Ƙungiyar masu tattaki ta ƙasar, wadda aka kafa a 1868, tana da bukkoki fiye da 500 a cikin duwatsu, kuma a wasunsu akwai rumbun abinci da babu mai tsaro. Matafiyi ya ɗauki gwangwanin da yake so, ya rubuta abin da ya ci, ya biya da kansa. Ɗan kasuwar da ya saba ba da kaya bashi daga Maraɗi zuwa Kano a kan kalmar baki kawai ya san darajar irin wannan amana, ya kuma san yadda mutum ɗaya ke iya ɓata ta ga kowa.

Sai dai waɗanda suka rubuta dokar 1957 mai jaka a baya suke tunani. Ƴancin bai shafi abin hawa mai inji ba, kuma wata doka ta 1977 ta hana tuƙa mota a daji inda babu hanya. Amma baƙi da yawa sun ɗauka cewa tun da an ce ƙasa a buɗe take, to ko'ina masauki ne. A nan rigimar ta samo tushe, kuma ba inda ta fi tsanani kamar Lofoten.

Sunan Lofoten na iya zama baƙo a kunnen mai karatu, amma hajarsa ba baƙuwa ba ce a kasuwannin Najeriya. Busasshen kifin nan mai tauri kamar itace, wanda Ibo ke kira okporoko, da yawansa daga can yake fitowa. Tsakanin Janairu da Afrilu kifin ke sauko wa gaɓar tsibiran domin ya saki ƙwai, masunta su kama, a rataye shi a kan manyan katakai ya bushe da iska mai sanyi ba tare da gishiri ba. Gangar jikin mafi kyau takan tafi Italiya, kawunan kuma a ɗaure su buhu-buhu zuwa Najeriya. Wannan ciniki ne na gaskiya: kaya ya fita, kuɗi ya shigo, ya shiga hannun masunci da mai shanya da mai ɗauri.

Yanzu a gwada shi da cinikin rani. Mazauna Lofoten kusan dubu 25 ne, kuma babbar hanya guda ce ta ratsa tsibiran, ƙunƙuntacciya, dutse a gefe guda, teku a ɗaya gefen. A watan Yuli motocin kwana kan cika wuraren da aka tanada domin motoci su kauce wa juna. Mazauna sun sha kokawa cewa suna tashi su tarar da baƙi sun kwana a ƙofar gida, ko a filin kiwo, har da gefen makabarta. A gaɓar Kvalvika, inda sai an yi tattaki ake isa, ƙazantar bayan gida ta yi yawa har hukumar gandun ta koma raba wa masu tattaki jakunkuna domin kowa ya dawo da abinsa. Motar kwana kuwa tana da tankin ƙazanta, kuma dole a zubar da shi a wani wuri. Idan babu ramin da aka gina domin haka, kowa ya san inda zai ƙare.

Me baƙon ya kashe a garin? Nan ne ƴan kasuwar kan iyaka za su fi kowa ganewa. Tun shekarun 1950 ƙasashen arewacin Turai suka sauƙaƙa wa ƴan ƙasashensu ƙetare iyaka ba fasfo, kuma a 2001 Norwe ta shiga tsarin Shengen tare da maƙwabtanta. Akwai ma wani tudun siminti a inda iyakokin Norwe da Suwidin da Finlan suka haɗu, wanda masu tattaki ke kewayawa cikin minti guda su ce sun taka ƙasa uku. Amma Norwe ba ta cikin Tarayyar Turai, tana da nata duwan, kuma abinci ya fi tsada a cikinta. Su kansu ƴan Norwe sukan ƙetara Suwidin su yi cefane. Saboda haka mai motar kwana da ya san lissafi yakan cika firijinsa kafin ya shigo. Ya zo da gadonsa, otel bai ga kuɗinsa ba. Ya zo da tukunyarsa, mai gidan abinci bai gan shi ba. Wasu ma da za su fita sai su cika firijin da kifi. A 2021 an ƙayyade kilo 18 ga mai yawon buɗe ido, shi ma sai wanda ya yi kamun ta hannun sansanin da ke da rajista, kuma ma'aikatan duwan na arewa sun sha kama motoci da abin da ya ninka haka.

Ɗawainiyar kuwa a wuyan masu gari take. A ƙauyen Reine akwai dutsen Reinebringen mai tsayin mita 448, wanda hotonsa ya karaɗe intanet. Ƙafafu sun yi yawa har ƙasa ta zaizaye, duwatsu suka riƙa gangarowa kan na ƙasa. Sai da aka ɗauko magina ƴan ƙabilar Sherpa daga Nepal suka jera matakalar dutse kusan 2,000 tsakanin 2016 da 2021. Idan wani ya karye ko hazo ya rufe shi a sama, ceto kyauta ne a Norwe, kuma da yawan masu fita neman sa ƴan sa-kai ne da suka baro aikinsu da barcinsu. Can gaba a arewa, makiyayan Sami masu kiwon wata irin barewar ƙanƙara suna da nasu kukan, domin dabbobin kan haihu a watan Mayu, daidai lokacin da baƙi ke fara shigowa, kuma uwar da aka firgita na iya barin ɗanta.

Akwai masu cewa wannan kuka ya yi yawa, kuma maganarsu tana da nauyi. Mai motar kwana yana sayen mai, yana biyan jirgin fito, wani yana kwana a sansanin kuɗi, yana sayen burodi da kofi. Ƙauyukan da matasa ke gudu sun samu aikin rani, tsofaffin bukkokin masunta sun zama ɗakunan haya. Sun kuma ce idan aka fara saka kuɗi a kan dutse da bakin teku, talakan ƙasar ne zai fara rasa abin da ya gada. Wannan tsoro na ƙarshe shi ne ya sa na ce kada a taɓa mai tafiya a ƙafa. Ɗalibin da ya zo da tanti a bayansa, ya bi dokar mita 150, ya kwashe shararsa, bai ci wa kowa komai ba. Motar da ta kai tan uku da rabi ita ce ke buƙatar fili da ruwa da ramin ƙazanta, ita ce ke cin kwalta.

A watan Yunin 2025, bayan shekarar 2024 da aka ƙirga kwana sama da miliyan 38 a masaukai, na ƴan ƙasa da na baƙi, a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 6 ba, majalisar dokokin Norwe ta amince ƙananan hukumomin da abin ya fi shafa su ɗora harajin kashi 3 cikin ɗari a kan kuɗin masauki, a kashe shi kan abubuwa irin banɗakuna da wuraren ajiye motoci da gyaran hanyoyin tattaki. Mataki ne mai kyau, amma a duba wa ya faɗa wa. Wanda ya kama ɗaki a otel, wato wanda tun farko ya bar kuɗi a gari, shi ne zai ƙara. Wanda ya faka a bakin hanya ya kwana ba shi da kuɗin masaukin da za a cire kashi 3 daga ciki. An kama mai biya, an bar mai wucewa.

Gyaran a fili yake. A gina wa motocin kwana zango na ƙwarai a kowane gari, da ruwa da wuta da wurin zubar da ƙazanta, a sa masa farashin da kowa ya sani, sannan a hana kwana a bakin hanya a wuraren da suka cunkushe, a kuma tsaya kan hanin. Kakanninmu fatake ba su taɓa ganin aibu a biyan mai masauki ba, domin sun san shi ke tsare musu kaya, ya ba dabbobinsu ruwa, ya haɗa su da mai saye. Na san mai karatu da ke bin hanyoyinmu zai ce ya gaji da jin kalmar biya, tun da shinge nawa yake tsayawa kafin ya kai kasuwa. Amma shi ma ya san bambancin kuɗin da aka karɓa da rasiɗi aka ga rumfar da aka gina da shi, da wanda ya shige aljihu a bakin shinge. Na farkon nake nufi, kuma sharaɗinsa shi ne ya tsaya a garin da aka tara shi, mazauna su ga aikinsa da idonsu.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Masu motocin kwana za su juya kudu a watan Agusta, duhun hunturu ya dawo, masuntan Lofoten su koma teku a Janairu su kamo kifin da kawunansa za su iso kasuwannin Najeriya. Su ne za su zauna da hanyar da ta lalace da rafin da aka ɓata. Idan haƙurinsu ya ƙare suka nemi a rufe ƙofa, mai jaka a baya wanda bai yi laifin komai ba shi ma zai rasa. Don haka duk mai son dokar 1957 ta ɗore, ya goyi bayan a sa wa mota kuɗin zango. Allah ya sa mu zama baƙin da ake marmarin dawowarsu, amin.