Ɗaurin Talala Da Tauraron Ɗan'adam: Wa Ke Riƙe Da Igiyar?

Bahaushe ya daɗe da sanin ɗaurin talala. Makiyayi kan kafa turke ya sa wa akuya doguwar igiya, ta yi kiwo iyakar tsawon igiyar, tana ganin kamar a sake take, alhali kuwa a ɗaure take. Daga nan aka ari sunan aka laƙaba wa hukuncin da ake yi wa mutum na hana shi barin gida ko gari ba tare da an kulle shi a kurkuku ba. A ƙasashen Amurka da Turai kimiyya ta sake wa wannan tsohon hukunci kama. Igiyar ta zama ta iska, turken ya koma sararin samaniya, abin da ya rage a jikin mutum kawai shi ne wata 'yar baƙar na'ura mai kamar girman sabulun wanka, wadda ake ɗaura masa a idon sawu, ba ya cire ta ko wajen wanka ko wajen barci. Masu sayar da wannan marin zamani suna tallarsa a matsayin maganin cunkoson gidajen yari. Suna da gaskiya, amma gaskiyar tasu tana da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ba su cika ambata ba.

Asalin abin bai fara da niyyar horo ba. A shekarun 1960, wasu tagwaye masu nazarin halayyar ɗan'adam a Jami'ar Harvard, Ralph da Robert Schwitzgebel, suka harhaɗa tsofaffin kayan rediyo na soja suka yi na'urar da za ta nuna inda matasa masu laifi suke. Manufarsu ita ce idan yaro ya je makaranta ko wurin aiki kan lokaci, a sani, a yaba masa, a ba shi ɗan tukwici, har halin kirki ya zame masa jiki. Hukuma ba ta kula su ba. Sai a shekarar 1983 wani alƙali mai suna Jack Love, a birnin Albuquerque na jihar New Mexico, ya fara yanke hukunci da irin wannan na'ura, bayan da ya ga makamanciyarta a zanen barkwancin Spider-Man na jarida a 1977. Tun daga ranar tukwici ya fita daga lissafi, saura tsaro da barazana. Robert, wanda daga baya ya koma amfani da sunan Gable, ya sha nuna takaicinsa kan yadda aka juya ƙirƙirar tasu ta zama kayan azaba.

Na'urorin farko ba su san tauraro ba. Wani akwati ake ajiyewa a gidan mai laifi a haɗa shi da wayar tarho, marin da ke ƙafa yana aika masa da sigina. Idan mutum ya yi nisa da akwatin, sai a sanar da ofis. Iyakar saninsa ke nan: yana gida ko ba ya gida. Abin da ya canza al'amarin shi ne tsarin GPS, wanda rundunar sojan Amurka ta kammala a 1995 da taurari 24, kuma a shekarar 2000 aka daina gurɓata siginarsa ga farar hula da gangan. Jihar Florida na cikin waɗanda suka fara ɗaura wa masu laifi irin wannan a ƙarshen shekarun 1990.

Ya kamata mai karatu ya fahimci yadda abin ke aiki, domin a nan ne yawancin ruɗanin yake. Mutane da dama na zaton tauraron yana kallon mai laifi daga sama kamar shaho. Ko kusa. Taurarin suna shawagi ne a nisan kilomita 20,200 daga doron ƙasa, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a yini, kuma aikinsu ɗaya ne tak, wato shelar lokaci. Kowane tauraro yana ɗauke da agogon atom, yana ta faɗin sunansa da wurin da yake da ainihin lokacin da ya yi maganar. Na'urar da ke ƙafa saurare kawai take yi. Tun da saƙon yana tafiya da saurin haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, jinkirin isowarsa shi ke nuna nisan tauraron. Idan na'urar ta ji taurari huɗu, sai ta lissafa inda take. Lissafin yana da tsanani ƙwarai, domin kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana daidai da mita 300 a ƙasa. Bayan ta san inda take, sai ta aika da labari ofis ta hanyar layin wayar salula, kamar kowace waya. A cikin madaurin kuma akwai siririn zaren gilashi da haske ke bi, wanda da an yanke shi ƙararrawa za ta tashi. Jami'i kan zana iyakoki a taswirar kwamfuta: nan dole mutum ya kasance da dare, can kuma haramun ne ya kusanta, alal misali makaranta ko unguwar wanda ya cuta.

Daga wannan bayani raunin na'urar ya fito fili. Siginar tauraro tana isowa ƙasa a raunane, rufin kankare kan toshe ta, dogayen gine-gine kan karkatar da ita, har taswira ta nuna mutum a wancan titi alhali yana kwance a ɗakinsa. Batir yana bukatar caji kullum, sau da yawa na awa ɗaya zuwa biyu, mutum na zaune kusa da bango kamar an ɗaure shi da wayar lantarki. Inda babu layin salula, labari ba ya isa. Kowace irin wannan tangarɗa kuwa ƙararrawa ce a ofis, kuma jami'in da ƙararrawar banza ta dame shi sau ɗari, da wuya ya zabura a ta ɗari da ɗaya.

Babban raunin ma ba na injin ba ne. Na'urar ta san inda ƙafa take, ba ta san abin da hannu ke yi ba. A jihar California, tsakanin 2013 da 2014, wasu mutum biyu da aka taɓa ɗaurewa kan laifin lalata sun kashe mata huɗu a yankin Anaheim da Santa Ana, dukkansu biyu suna sanye da marin GPS. Bayanan na'urar sun taimaka wajen kama su da tabbatar da laifinsu a kotu, amma ba su ceci ko mace ɗaya ba. A jihar Colorado, cikin watan Maris na 2013, wani da aka saki bisa sharaɗi ya cire nasa marin. Na'ura ta yi aikinta, ta aika da gargaɗi. Sai bayan kwana biyar jami'ai suka isa gidansa, kuma a cikin waɗannan kwanaki aka kashe mutum biyu, ɗaya daga ciki shi ne Tom Clements, shugaban hukumar gidajen yari na jihar, wanda aka harbe a ƙofar gidansa. Makiyayi yana iya jan igiyar akuyarsa. Igiyar tauraro ba ta jawuwa, sai dai a tura ɗan'adam da mota, idan akwai shi, idan kuma motar na da mai.

Duk da haka, wanda ya ce na'urar ba ta da amfani ya yi wa hujja rashin adalci. Wani bincike da masana na Jami'ar Jihar Florida suka fitar a 2010 ya nuna cewa sa marin ya rage yiwuwar karya sharuɗɗan saki da kashi 31 cikin ɗari. Binciken da ya fi wannan ƙarfi ya fito ne daga ƙasar Ajantina, inda Rafael Di Tella da Ernesto Schargrodsky suka wallafa sakamakonsu a 2013. A lardin Buenos Aires ana raba wa alƙalai shari'u ne bisa dace, wasu alƙalan kuma sun fi son tura wanda ake tuhuma kurkuku, wasu sun fi son sa masa mari ya koma gida. Wannan ya ba masanan damar kwatanta mutane masu laifi iri ɗaya waɗanda sa'a kawai ta raba. Sun tarar cewa komawa ga laifi a cikin waɗanda aka sa wa mari ya yi ƙasa da kusan rabi. A lura da abin da aka kwatanta: mari da kurkuku. Wanda ya zauna a gida bai rasa aikinsa ba, bai rabu da iyalinsa ba, bai kuma kwana ɗaki ɗaya da gaggan ɓarayi suna koya masa sana'a ba. Wataƙila yabon da ake yi wa na'urar, rabinsa zargi ne ga kurkuku.

Akwai wani fanni kuma da amfanin ya fito sarai, shi ne kare matan da mazajensu ko tsofaffin mazajensu ke yi wa barazana. Ƙasar Spain ta fara wannan tsari a 2009, Faransa ta bi sahu a 2020. Namiji yana sanye da mari, macen tana riƙe da wata na'ura, idan ya matso kusa da ita sai a gargaɗe ta a kuma sanar da 'yan sanda. A nan sanin wuri shi ne dukkan abin da ake bukata, domin kusantar ita ce laifin.

Matsalar ita ce ba kullum marin ke maye gurbin kurkuku ba. Wata ƙididdiga ta cibiyar Pew ta nuna cewa masu sanye da na'urorin sa ido a Amurka sun tashi daga kimanin 53,000 a 2005 zuwa fiye da 125,000 a 2015, amma yawan fursunonin ƙasar bai ragu da irin wannan gwargwado ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Alƙalin da ya saki mutum ya je ya yi ɓarna zai sha suka a jarida, wanda ya ƙara masa mari kuwa babu mai zarginsa. Don haka sai na'urar ta sauka a ƙafar wanda a da za a ba shi beli ya tafi abinsa. Masana shari'a suna kwatanta wannan da masunci da ya faɗaɗa komarsa: manyan kifayen na nan yadda suke, ƙanana ne suka ƙaru. Mafi muni, wanda aka ɗaura wa marin yana iya komawa kurkuku ba don ya sake yin laifi ba, sai don batir ya mutu ko motar haya ta makara da shi. Jihar California ta amince da dokar sa wa wasu masu laifin lalata marin har ƙarshen rayuwarsu a 2006, bayan sun gama zaman hukuncinsu. Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Grady da jihar North Carolina ta 2015, ta yanke cewa ɗaura wa mutum irin wannan na'ura bincike ne a idon tsarin mulki, ke nan dole hukuma ta nuna dacewarsa. Hukuncin ya yi daidai, domin taswirar zirga-zirgar mutum tana tona asibitin da yake zuwa, da wurin ibadarsa, da gidan da ya kwana.

Sai batun kuɗi, wanda ba a son a taɓo. A jihohin Amurka da yawa wanda aka ɗaura wa marin shi ke biyan kuɗin hayarsa kullum, ga mutumin da galibi bai daɗe da rasa aiki ba. A Ingila gwamnati ke biya, amma a 2013 aka gano cewa kamfanonin G4S da Serco, waɗanda ke riƙe da kwangilar, sun yi shekaru suna karɓar kuɗin sa ido kan mutanen da suka koma kurkuku, ko suka bar ƙasar, wasu ma sun mutu. Serco ya mayar da fam miliyan 68.5, G4S ya mayar da kusan fam miliyan 109. Gwamnatin da ta sayi na'urar sanin inda kowa yake, ta kasa sanin ko mutumin yana raye.

Wannan muhawara ba ta tsaya a ƙetare ba. Ƙasar Senegal ta yi dokar amfani da marin a 2020, ta buɗe cibiyar sa ido a Dakar a 2022. A Nijeriya, dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019 ta buɗe ƙofar hukuncin da ba na kulle ba, kuma kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar jiran shari'a suke yi, wato babu kotun da ta same su da laifi. Duk wanda ya san wannan adadi zai ji kwaɗayin na'urar, kuma kwaɗayin yana kan hanya. Amma tambayoyin da za a fara amsawa ba na sararin samaniya ba ne. Mutumin da unguwarsa ke kwana uku babu wutar lantarki, idan batirinsa ya mutu, shi ya karya sharaɗi ko kamfanin wuta? Manomin da gonarsa ke bayan dutse inda waya ba ta kamawa, za a hana shi noma ne? Ƙararrawa ta tashi ƙarfe biyu na dare a wani ƙauye, wane ne zai tafi? Da yawa daga masu jiran shari'ar nan ma ba haɗarinsu ne ya tsare su ba, fayil ne ya ɓace, ko an rasa mai tsaya musu, ko motar kai su kotu ta lalace. Irin waɗannan zaman kotu suke bukata, kuma ɗaura musu mari ƙarin hukunci ne a kan wanda ba a tabbatar wa laifi ba.

Idan har za a shigo da na'urar, wajibi ne doka ta riga kwangila. Ta fayyace cewa ba a sa marin sai ga wanda in ba don shi ba kurkuku za shi, alƙali kuma ya rubuta dalilinsa. Ta ƙayyade watannin da za a yi da shi, ta ɗora kuɗin a kan hukuma, ta hana mayar da mutum kurkuku kan tangarɗar inji sai an saurare shi a gaban kotu. Ta kuma faɗi wanda ke da ikon duba taswirar, da ranar da za a goge ta bayan an kwance marin.