Yaro Mai Raunin Ji: Awon Kunne Bai Wadatar Ba

A rahotonta na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yara miliyan 34 ne su ke da raunin ji wanda ya isa a nema musu taimako. Gane su yanzu ba shi da wuya kamar dā. A 1978 wani masani a London, David Kemp, ya gano cewa lafiyayyen kunne, in sauti ya shige shi, yakan mayar da 'yar amsa-kuwwa. Da wannan a ke gwada jariri yana barci, cikin 'yan mintoci. Masana a Amurka kuwa sun kafa ƙa'ida: a gwada kafin wata ɗaya, a tabbatar kafin wata uku, a soma taimako kafin wata shida.

Amma fa awon kunne somin-taɓi ne. Takardar awo ƙarfin sautin da yaro ya ke ji kurum ta ke nunawa. Ba ta faɗin kalmomi nawa ya sani, ko kuwa yana fahimtar malaminsa cikin hayaniyar aji. Yaron da uwarsa ta ke yi wa Hausa a gida, in aka jarraba shi da Turanci ko Larabci kaɗai, lalle za a raina saninsa.

Har wa yau, yara biyu masu awo iri ɗaya bukatarsu takan bambanta. Wanda sanƙarau ya kurmantar yana ɗan shekara bakwai ya riga ya iya magana. Shi gaggawa ya ke bukata, gama cutar takan sa can cikin kunne ya ƙandare ya zama ƙashi, dashen na'ura ya yi wuya. Wanda aka haifa kurma kuwa harshe ya ke nema tun fari, ko na baka, ko maganar hannu irin ta kuramen Kano.

Sa'an nan ga samari da 'yan mata. Sau da yawa yaron da ya ke sa na'urar kunne da murna yana ƙarami, in ya tasa sai ya jefa ta aljihu don kunyar abokai. Wannan sai an zauna an tambaye shi a ke sani.

Saboda haka ya wajaba likita da malami da iyaye, da shi yaron kansa, su haɗa kai a kan binciken, a kuma riƙa sake shi yayin da yaro ya ke girma. Iyayen da su ka ga alama kada su zauna jiran wai zai yi magana in ya girma. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.