Lafiyar Gida: In Awo Ya Ce "Ba a Gani Ba", Kada a Ajiye Magani

A watan nan za mu ɗauki wata tambaya wadda ta ke yawo a bakin mutane game da cutar nan mai karya garkuwar jiki, watau ƙanjamau, wadda mutanen Nijar su ke kira sida. Ga tambayar: "Mutum ya yi shekara biyu yana shan magani. Aka auna jininsa, aka ce ba a ga ƙwayar cutar ba. Ashe, bai warke ke nan ba? Don me za a ce ya yi ta sha muddin ransa?" Tambaya ce mai kyau, amsarta kuwa tana iya ceton rai, tun ba ga 'yan'uwanmu na ƙasar Gobir ba, wajen Sabon Birni da Isa, inda zuwa asibiti ya zama sai da shiri.

Bari mu fara da yadda cutar ta ke aiki. Cikin jininmu akwai waɗansu fararen ƙwayoyi da likitoci su ke kira CD4. Su ne kamar sarakunan yaƙi na jiki, gama su ke shirya sauran su tare kowace cuta. Ƙwayar ƙanjamau ba ta iya haihuwa ita kaɗai. Sai ta shiga cikin ɗaya daga cikin waɗannan, ta haɗa irinta da nasa, ta mai da shi gidan ƙyanƙyasa. Maganin da a ke sha yana hana ƙyanƙyasar ya kuma hana sababbin ƙwayoyi su shiga sabon gida. Saboda haka cikin 'yan watanni yawansu a jini ya kan faɗi ƙasa ƙwarai.

Awon da a ke yi yana ƙidaya ƙwayoyin cutar cikin mililita ɗaya na jini, watau kashi ɗaya cikin biyar na ƙaramin cokalin shayi. Wanda ba ya shan magani a kan iske dubbai, har dubu ɗari ko fiye. In sun kasa 1,000, a kan ce magani ya danne cutar. In sun kasa 50, ko 20 bisa ga irin injin, injin ba ya iya ƙidaya su, sai a rubuta "ba a gani ba". Ma'anar ke nan. Masu bincike da su ke da awo mafi kaifi sun iske ƙwaya ɗaya ko biyu ko uku suna nan har yanzu cikin jinin yawancin masu shan magani.

Daga ina su ke fitowa? Kowane manomin gero ya san wuta-wuta, wadda waɗansu su ke kira ƙuduji. Ko ka tuge ta sarai bana, irinta yana nan kwance cikin ƙasa shekaru da yawa, yana jiran saiwar gero. Haka ƙwayar nan ta ke. Waɗansu daga cikin ƙwayoyin CD4 su kan koma barci da irin cutar a cikinsu, a jini, da kaluluwa, da bangon hanji. Magani ba ya taɓa irin da ya ke kwance, garkuwar jiki kuma ba ta ganinsa. A shekara ta 1997 ne likitoci a Amurka su ka tabbatar da wannan maɓuya, shekara ɗaya bayan an soma haɗa magani iri uku. Sun iske wajen ƙwaya ɗaya ce cikin miliyan ta ke ɗauke da irin mai rai, amma sai an yi wata 44 kafin yawansu ya ragu da rabi. Da su ka yi lissafi, sai su ka ga za a fi shekara 60 ana shan magani kafin maɓuyar ta ƙare.

In an ajiye magani fa? Ga yawancin mutane, cikin mako biyu zuwa huɗu cutar ta kan sake bayyana a jini. A 2010 aka haifi wata yarinya a Jihar Misisipi ta Amurka, aka soma ba ta magani tana da awa 30 a duniya. Tana da wata 18 aka daina. Ta yi fiye da shekara biyu ba a ga kome a jininta ba, har duniya ta ɗauka ta warke. A 2014 cutar ta komo. Kusa da mu kuma, a 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya ce yana warkar da cutar da haɗin itatuwa, ya sa marasa lafiya su ka bar maganin asibiti. Da yawa cikinsu sun mutu. Gaskiya ne akwai 'yan mutane kaɗan da su ka rabu da cutar ɗungum, na farkonsu Timothy Ray Brown a Balin ta Jamus, a 2007. Amma su masu ciwon daji na jini ne da aka yi wa dashen ɓargo, aiki mai hatsarin gaske wanda ba a yi wa mai ƙoshin lafiya.

Kada wannan ya karya zuciyar kowa, gama "ba a gani ba" albishir ne babba. Wanda ya kai nan, ya kuma riƙe maganinsa, zai yi noma, ya yi fatauci, ya ga jikokinsa. Bincike mai yawa tun daga 2011 ya nuna ba ya sa wa matarsa ko mijinta cutar ta wurin kwanciyar aure. Mace mai ciki da ba ta shan magani, cikin ɗari a kan sami 15 zuwa 45 da su ke sa wa jariri. Da magani sai abin ya koma ƙasa da 5. Sai dai mai cutar ba zai ba da jini a ƙara wa wani ba, mai shayarwa kuma ta bi abin da ungozoman asibiti ta faɗa mata daki-daki.

Yanzu mu koma Gobir. Ƙidayar da aka yi a Nijeriya a 2018 ta nuna mutum wajen miliyan 1.9 su ke da cutar, arewa maso yamma kuwa ita ce mafi ƙaranci, kashi 0.6 cikin ɗari. Ƙarancin nan yana da nasa nauyi, domin inda masu abu ba su da yawa, nan kunya ta fi ƙarfi. Ga kuma masifar 'yan bindiga. A watan Mayu 2020 an kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A Disamba 2021 aka ƙone matafiya cikin mota kusa da Gidan Bawa. Tun 2019 dubban mutane sun ƙetara zuwa Jihar Maradi, wajen Gidan Rumji, waɗansu sun nufi Sakkwato. Wanda ya gudu da tsakad dare, da wuya ya tuna da kwalbar magani. Wanda ya tuna kuma, in ta kusa ƙarewa sai ya soma sha yau, ya tsallake gobe, don ta daɗe. Wannan shi ya fi hatsari, gama magani rabi-rabi ya kan ba cutar zarafi ta ƙyanƙyashe irin da ba ya jin maganin.

Saboda haka ga shawararmu ga iyalai:

1. A sha ƙwayar kowace rana a lokaci guda. Yawancin manya ƙwaya ɗaya ce tak a yini. In an manta, a sha da zarar an tuna.

2. A roƙi ma'aikatan asibiti su ba da na wata uku ko shida, a gaya musu halin da hanya ta ke ciki. Kada a bari sai saura kwana biyu.

3. A ajiye magani da katin asibiti cikin ƙaramar jaka wuri ɗaya da kuɗi, inda hannu zai kai cikin duhu. A rubuta sunan maganin a wata takarda dabam.

4. Wanda ya yi gudun hijira ya nufi asibitin gwamnati mafi kusa cikin makon farko, ko a Sakkwato ko a Maradi, ya faɗa musu yana kan magani. Wanda ya yi watanni bai sha ba kada ya ji tsoron faɗa, ya koma.

5. Kada miji da mata su raba kwalba ɗaya. Kowa ya karɓi tasa.

6. A yi awon yawan ƙwayar cutar bayan wata shida da farawa, da bayan shekara, sa'an nan kowace shekara.

7. A sami mutum ɗaya amintacce a gida wanda ya san zancen, don ya tuna, ya kuma karɓo in tafiya ta gagara.

Akwai magana guda da ta shafe mu a cikin ikkilisiya. Mun sha jin an yi wa mai cutar addu'a, ya je awo, aka ce ba a gani ba, sai aka ce ya ba da shaida ya zubar da magani. Duk wanda ya faɗa wa mutum haka, ko fasto ne, ko malam, ko boka, ya ɗauki alhakin rai. Mu yi addu'a, mu yi godiya domin sakamakon awo mai kyau, sa'an nan mu miƙa wa ɗan'uwanmu ruwa ya haɗiye ƙwayarsa. Allah da ya ba da ruwan sama bai hana manomi ɗaukar fartanya ba.

Ku matan zumunta da dattawa, in baƙi 'yan gudun hijira sun sauka a unguwarku, bayan tuwo da tabarma ku tambaye su a asirce ko akwai mai shan wani magani na kullum, ko na hawan jini, ko na tarin fuka, ko wannan. Ku raka shi asibiti, ku kuma kama bakinku. Tun 2014 dokar Nijeriya ta hana a wulakanta mutum ko a kore shi daga aiki ko makaranta saboda wannan cuta, mu kuwa ai bai kamata sai doka ta gaya mana ba.

Allah ya kawo wa ƙasar Gobir salama. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.