Tun Ran Gini Ran Zane: Zafi da Gine-ginen Kasuwanci a Garuruwanmu

Duk wanda ya taɓa shiga kanti a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi da tsakar rana cikin watan Afrilu, ya san abin da nake shirin magana a kansa. Sai ka tarar da mai kanti yana sharce gumi, fanka tana kaɗa masa iska mai ɗumi, injin wuta yana ruri a bakin ƙofa, a wasu wuraren kuma iyakwandishan tana ta fama tun safe ba ta huta ba. In ka yi masa jaje, sai ya ce da kai ai zafi daga Allah yake. Lalle haka ne, zafin rana daga Allah yake. Amma fa kwanon da ke bisa kansa, da bulon da aka tayar da bangon da shi, da faffaɗan gilashin nan da ke kallon yamma, duk mutum ne ya zaɓe su da hannunsa.

Ra'ayina a wannan ɗan rubutu shi ne, kaso mai tsoka daga kuɗin da 'yan kasuwarmu da ma'aikatunmu ke kashewa wajen sanyaya wurin aiki, tara ce suke biya saboda kuskuren da aka tafka tun ranar gini. Wanda yake son rage wannan ɗawainiya, ya kamata ya fara da hana zafi shiga, sa'an nan ya nemi na'urar da za ta fitar da ɗan abin da ya shigo.

Bari mu fara duba ta inda zafin yake shiga. Kano tana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka da tsakar rana kusan bisa kai rana take tsayawa, musamman daga bazara zuwa damina. Watau rufi shi ne ya fi shan duka, sai bangon gabas da hantsi, da bangon yamma da la'asar. Idan sararin sama ya washe, kowace murabba'in mita ɗaya ta rufi tana karɓar zafin da ya kai kimanin wat 1,000. Ke nan shagon da rufinsa ya kai murabba'in mita 20, kamar an jera dutsen guga na lantarki guda 20 ne a kansa, an kunna su gaba ɗaya. Ba dukan wannan zafi ne yake shiga ba, wani yakan koma sama, wani kuma iska ta kwashe shi. Amma kwano ba shi da kauri, ƙarfe kuwa ba ya riƙe zafi ya hana shi wucewa, balle in kwanon baƙi ne ko ya yi tsatsa. Irin wannan rufi yakan haura digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, sa'an nan ya yi ta feso zafin a kan mutane da kaya. Sanya iyakwandishan ƙarƙashin irin wannan rufi daidai yake da ɗibar ruwa da kwando.

A da can, sa'ad da wuta da man fetur suke da araha, ana iya kau da kai daga wannan ɓarna. Yanzu kuwa kiɗa ya sauya. A ranar 29 ga Mayu 1999 aka koma mulkin farar hula, a irin wannan rana kuma ta 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a jihohi da dama cikin 'yan kwanaki. A Afrilun 2024 hukumar da ke kula da harkar lantarki ta ɗaga farashin yunit ɗaya ga masu rukunin A, watau waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225, kafin daga baya a ɗan sassauta. To, mu yi lissafi da wancan farashi. Iyakwandishan matsakaiciya tana shan kimanin yunit ɗaya a awa. In ta yi awa 10 a rana, kwana 26 a wata, ta sha yunit 260, kuɗinsu naira 58,500. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Yulin 2024 kuwa naira 70,000 ne. Ashe na'ura ɗaya tana cin kusan albashin ma'aikaci ɗaya. Wannan kuɗi kuma ba daga aljihun mai kanti yake tsayawa ba, a kan kuɗin magani da na yadi da na ɗinki yake sauka, mu masu saye mu ne muke biya.

Bugu da ƙari, akwai ranar da ko da kuɗinka ba ka samun wutar. A Oktoban 2024, sa'ad da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da yawa sun yi fiye da mako guda cikin duhu. Ginin da sanyinsa ya dogara kacokan a kan na'ura, a irin wannan rana tanderu yake komawa. Matsalar kuma ba tamu ce mu kaɗai ba. Hukumar Makamashi ta Duniya ta bayyana a 2018 cewa fankoki da na'urorin sanyaya ɗaki suna cin kimanin kashi 10 cikin 100 na dukan lantarkin da ake sha a duniya, kuma bukatar tana iya ninkawa uku kafin 2050.

To, mene ne maganin? Abin da masana gini ke nufi da sanya wa gini shamakin zafi, ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mai sayar da ƙanƙara ya san shi, shi ya sa yake binne ta cikin garin katako, ya lulluɓe da buhu, ta yini ba ta narke ba. Asirin abin shi ne iskar da ta maƙale tsakanin ƙananan ramuka ba ta motsi, domin irin wannan iska ba ta miƙa zafi da sauri. Haka audugar gilashi da audugar dutse da soson roba da ake shimfiɗawa tsakanin kwano da silin suke aiki. Shimfiɗar audugar gilashi mai kaurin santimita 5 tana tare zafin da sai an zuba kankare mai kaurin fiye da mita ɗaya kafin ya tare irinsa. Bayan wannan akwai wasu dabaru masu sauƙi: shafa wa rufi farin fenti don ya mayar da hasken rana, barin tazara tsakanin kwano da silin tare da kafofin da iska mai zafi za ta fice, rage girman tagogin gabas da yamma, fitar da baranda ko rumfa ta yi wa bango inuwa, da toshe ƙofofin da sanyi ke zurarewa ta cikinsu. A birnin Ahmadabad na Indiya, inda zafin 2010 ya kashe mutum fiye da 1,300, shafa wa rufi farar ƙasa da farin fenti yana cikin abubuwan da hukumar birnin ta runguma daga baya.

A nan ne ya kamata mu waiwayi maginanmu na gargajiya. Wanda ya shiga Gidan Makama a Kano da azahar, ya ji yadda jikinsa ya yi sanyi tun daga zaure, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Maginan da suka gaji irin aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, sun san rana, sun kuma yi gini daidai da ita. Sukan tayar da bango mai kauri da tubali, su yi rufin soro da azara da ƙasa, su ɗaga shi sama ta hanyar ɗaurin guga ko bakan gizo don iska mai zafi ta sami wurin hawa, su ƙanƙanta taga, sa'an nan su yi yaɓe da makuba ko laso saboda ruwa. Sai dai a faɗi gaskiya, bangon ƙasa ba tare zafi yake yi kamar audugar gilashi ba. Shanye shi yake yi a hankali, ya riƙe shi awoyi masu yawa, sai dare ya yi ya sako shi. Shi ya sa da bazara mutanen gida sukan fito tsakar gida su kwana. To, amma wannan da yake aibi ga ɗakin kwana, alheri ne ga kanti da ofis da banki, domin su da rana ake zama cikinsu, kafin bango ya fara amayar da zafinsa an rufe an tafi gida. Abin mamaki, ginin da ya fi dacewa da wannan hikima shi ne muka fara raba shi da ita.

Kada a ɗauka ina cewa a rushe manyan shagunan Kantin Kwari a mayar da su na tubali. Ƙasa tana son gyara kowace shekara, fili a tsakiyar birni ya yi tsada, bango mai kauri kuma yana cin wuri. Abin da nake cewa shi ne a ɗauki hikimar a haɗa ta da kayan zamani, kuma an riga an gwada. A garin Dandaji na jihar Tawa a Nijar, Mariam Issoufou ta tsara kasuwar da aka gama a 2018, inda aka yi rumfunan da bulon ƙasa matsattse, aka kafa laimomin ƙarfe bisansu, wani sama da wani, don inuwa da shigar iska. A ƙauyen Gando na Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga kwanon ya raba shi da silin don iska ta ratsa tsakani. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a fannin tsara gine-gine. Abin da muke gudu a matsayin ƙauyanci, shi duniya take ba lambar yabo.

Na san za a kawo uzuri, kuma wasunsu suna da ƙarfi. Na farko shi ne tsada. Gaskiya ne shamakin zafi yana ƙara kuɗin gini, amma sau ɗaya ake biyansa, kuɗin wuta kuwa kowane wata yake dawowa. Daɗin daɗawa, ginin da ba ya ɗaukar zafi ƙaramar na'ura yake bukata, ƙaramar na'ura kuma ƙaramin inji take bukata, saboda haka wani kuɗin tun a wurin saye yake dawowa. Na biyu ya fi wuya: mai gini daban, mai biyan kuɗin wuta daban. Wanda ya gina shaguna don haya ba shi da asara in ɗan haya ya gasu, don haka sai ya sayi kwano mafi araha. Wannan ba ya gyaruwa da wa'azi kaɗai, sai da doka. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine, wadda ta yi magana a kan shamakin rufi, da girman tagogi da yi musu inuwa, da fitilu, da ingancin na'urorin sanyaya ɗaki. Amma ba da izinin gini yana hannun jihohi, saboda haka sai hukumomin tsara birane sun sa ta cikin sharuɗɗansu za ta tashi daga takarda. Na uku shi ne gobara. Wanda ya tuna yadda wuta ta ci dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, ba zai yarda a cusa soson roba tsirara cikin silin kusa da wayoyin lantarki ba. Wannan tsoro yana kan hanya, maganinsa kuwa shi ne a zaɓi abin da ba ya kamawa, kamar audugar dutse, a kuma gyara aikin waya.

Wataƙila wani ɗan'uwa ya ce, ina ruwan ɗalibin Hausa da kwano da silin? Ruwansa babba ne. Birkila da kafinta da mai kanti, waɗanda su ne suke yanke shawarar yadda za a rufa shago, da Hausa suke magana, alhali ƙa'idar 2017 da littattafan injiniyoyi da Turanci suke. In ba mu samar da kalmomin da za su ɗauki wannan ilmi zuwa bakin kasuwa da gidajen rediyo ba, wa zai samar? Sa'an nan kalmomin magina irin su birji da katsi da laso da indararo da tulluwa da zanko suna bin tsofaffin masu su zuwa kabari, kowace kuwa tana ɗauke da wata dabara. Ina roƙon malamanmu su riƙa tura ɗalibai wurin Sarakunan Magina da sauran tsofaffin sana'ar don rubuta kundin digiri, a kuma haɗa kai da sashen tsara gine-gine a fitar da ɗan ƙamus na gini da makamashi. Kai, ko ajujuwan da muke ɗaukar darasi cikinsu, in aka duba yadda hankalin ɗalibi yake tashi a laccar ƙarfe biyu cikin bazara, sun isa zama wurin gwaji.

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Wanda zai gina shago bana, shi ne yake yanke wa wanda zai zauna cikinsa shekaru 30 masu zuwa abin da zai riƙa biya da gumin da zai riƙa yi. Wanda kuma ya riga ya gina, bai makara ba: ya fara da farin fenti a kan kwano, da silin mai shamaki, da rumfa a bangon yamma, kafin ya je sayen wata na'urar. Allah ya sa mu gane, ya kuma ba mu ikon gyarawa, amin.